Telan da Na Tasa daga Zaurena

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Isaka Mahamadou. Wakilan hukuma da suka bar burorinsu, wato ofisoshinsu, suka zo. Dattawan Ƙungiyar Masu Sana'ar Kansu ta Yamai, ƴan kasuwa da masu kamiyon ɗaukar kaya, magina da maƙera. Iyayenmu mata da ke zaune can baya. Da sauran jama'ar da ta cika wannan rumfa: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mijinyawa, lokotoro, wato likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Na yi karatu a Dakar, na yi wa gwamnati aiki, sannan shekara huɗu da suka wuce na buɗe wurin kaina a bayan Ƙaramar Kasuwa. Ina godiya ga wannan ƙungiya da ta ba ni takardar yabo yau, wadda aka rubuta a kanta cewa a bana babu wanda ya gyara tsarin sana'arsa kamar ni. Ina godiya kuma da aka ce in tashi in koya wa ƴan'uwa yadda na yi. Na karɓi takardar da hannu biyu, amma wallahi tun da na karɓa nake juya ta, ban san abin da zan yi da ita ba. Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ya faru bi da bi, wataƙila a cikinku akwai wanda zai gane abin da ni na kasa ganewa.

Da farko, yadda wurin yake a da. Ɗaki biyu ne a cikin gida, ba a isa gare su sai an ratsa ta zaure, kuma a zauren akwai wani tela, Malam Shu'aibu, wanda na tarar a nan. Keke yana ƙara tun safe, ƙyallaye ko'ina a ƙasa, masu ɗinki da masu ciwo duk a tabarma ɗaya, ba a san wanda ya riga wani zuwa ba. Abin yana ba ni kunya. Na ga yadda wuraren lokotoro suke a Dakar, ƙasarmu kuma ta sami mulkin kanta, na ce bai kamata a zo wurin ɗan ƙasa a ga shirme ba. Duk da haka, a wannan shirmen nakan duba mutum ashirin a wuni, yawancinsu masu farfaɗiya, sai masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon kai mai tsanani.

Na biyu, abin da na gyara. Bara, a wannan rumfar, aka yi mana jawabi cewa sana'ar zamani tana son suna a ƙofa, tana son tsabta, tana son lokaci. Na rubuta duka a takarda, na koma na aikata. Na roƙi Malam Shu'aibu ya tashi, na nema masa shago a cikin kasuwa. Ya dube ni ya ce, "Lokotoro, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Na shafe zaure da farar ƙasa, na jera benci huɗu, na buga tikiti mai lamba, kowa da ranarsa da ƙarfensa. Sai na sa aka rubuta allo babba da Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci, har da ajami don kada a bar kowa a baya: Nan ake maganin farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa. Da yawanku kun tsaya a gabansa kun yaba.

Na uku, abin da gyaran ya haifar. A watan farko mutum ashirin suka koma takwas. A na biyu suka koma uku. Na ce ko tikitin ne, na soke tikiti. Na ce ko ƙarfen randebu, wato lokacin da na yanka wa kowa, ne ya takura wa mutane, na ce kowa ya zo sa'ad da ya ga dama. Na ce ko bencin ne, na mayar da tabarma. Jama'a, ni da nake buɗe littafi in nuna wa ɗalibi jijiyar da ke motsa ɗan yatsa, na zauna wata uku ina kallon zaure fes, ba kowa, ban san me ya kori mutanena ba.

Daga ƙarshe na sauke girman kai na tafi shagon Malam Shu'aibu. Bai ɗaga ƙafarsa daga keke ba. Ya ce, "Lokotoro, cikin mutum goma da ke shigowa zauren nan da yadi a hamata, uku ne nawa. Sauran bakwai naka ne. Nakan auna su da ƙarfi don na waje su ji, sannan in ce su shiga ciki su gwada riga. Akwai wanda yadi ɗaya ya yi shekara uku yana kawowa, ban taɓa sa masa almakashi ba."

Na ce, "Malam, don me ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Sirrin mutane ne. Kuma na ɗauka ka sani."

Ban sani ba. Shekara huɗu ina tsammanin ilimina ne ke kawo mutane, ashe har da keken ɗinki. Ku kun san garin nan fiye da ni. Kun san wanda aka ce yana faɗuwa, ba a cin tuwo da shi a akushi ɗaya, ba a ba shi aiki, ba a neman auren ƙanwarsa, don ana cewa yawunsa yana ɗaukar ciwon. Ba ya ɗauka. Na faɗa, na sake faɗa, ba ya ɗauka. Amma ni da kaina na sa aka ɗauki fenti aka rubuta sunan ciwon a kan ƙofar, da harshe uku, yadda duk mai shiga sai kasuwa ta karanta shi.

Na roƙi Malam Shu'aibu ya dawo, na ce zan cire allon a ranar. Ya ce, "Ko ka cire, an riga an karanta. Yanzu in na koma, ni ma masu ɗinkina za su guje ni." Gaskiya ya faɗa.

Na huɗu, kuma wannan ne ya tsayar da ni a gabanku. Akwai wani magidanci da zan kira Halidu, ba sunansa ba ne. Ba zan faɗi unguwarsa ba, ba zan faɗi sana'arsa ba, sai dai in ce kullum yana kan ruwan kogi, kuma ba shi kaɗai yake hawa ba. Da ƙwaya ɗaya a wuni ya yi shekara biyu bai faɗi ba. Ya shigo sau ɗaya bayan an kafa allon, rawani rufe da fuska, na ba shi ta wata biyu. Yau kwana goma sha tara ke nan da ƙarewarta, bai dawo ba. Wannan ƙwaya ba a yanke ta haka nan, domin ciwon yakan dawo fiye da yadda ya tafi. Na tuƙa mota zuwa unguwarsu, kafin in kai kwana na ji masu zaman bakin hanya suna cewa, "Ga lokotoron farfaɗiya, gidan wa za shi?" Na wuce ban tsaya ba. In na je, na tona shi. In na zauna, na bar shi da kogi. In na aika da ƙwaya ta hannun wani, na ba da magani ban duba mai shi ba, kuma ɗan aiken ya sani. Tsoro nake ji, ina faɗa muku a fili.

To, ga abin da na iya tunanowa, ban kuma sani ba ko dabara ce ko wani sabon kuskure. Ƙofar da marar lafiya kaɗai ke shiga, marar lafiya ba zai shige ta ba. Saboda haka ina roƙon masu lafiya. Ina roƙon mutum goma daga cikin wannan rumfa, waɗanda gari ya san fuskarsu, ya kuma san ƙalau suke, su shigo zaurena gobe da safe kasuwa na kallo. Ba za a duba ku ba, ba za a tambaye ku komai ba. Ku zauna, ku sha shayi, ku yi hirar kamiyo da gyaɗa, ku fita. Jibi wasu goma su zo. A ci gaba da haka har mai zama a bakin hanya ya gaji da ƙirga masu shiga, har na goma sha ɗaya ya sami bayan da zai bi.

Na ga waɗanda suka tafa mini ɗazu suna duban takalmansu, kuma ban ga laifinku ba, kowa yana da ƴaƴa. Na ga hannu ɗaya ya ɗaga can wajen iyayenmu mata. Hajiya, ban sani ba ko tambaya ce ko amincewa. Amincewa ce? To, Allah ya saka miki da alheri. Saura tara. Ƙofar tana buɗe tun ƙarfe bakwai, shi kuma wancan bawan Allah yana shiga ruwa tun kafin nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa asirin wanda ke ɓoye ciwonsa, ya tsare duk wanda zai hau kogi gobe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.