Mai Gyaran Takalma da Takalmin Gilashi

A ɗakin jiran likitan ƙashi, talabijin na nuna tsohon katun ɗin yarinyar da ta yar da takalmin gilashi, ɗan sarki na bin gari yana gwada shi a ƙafafun mata don ya gano ta ya aura. Wani dattijo mai gyaran takalma ya ja tsaki.

"Baba, lafiya?" in ji matar da ke gefensa, rungume da 'yarta mai karyayyar ƙafa.

"Shekara arba'in ina auna ƙafafu, 'yar nan. Gari guda a ce babu mata biyu masu lamba ɗaya? Kuma namijin da bai gane fuskarki ba sai ƙafarki, wannan miji ne?"

Matar ta murmusa. "Ai tatsuniya ce. Ta yi haƙuri, ta dace."

"Ta dai zauna tana kuka har aka zo aka ɗauke ta. Tawa 'yar da takalmin da na yi wa faci sau tara ta gama karatu, ba ta jira ɗan sarkin kowa ba."

"Allah sarki. Tana ina yanzu?"

Dattijon ya gyara zama, ya nuna ƙofar likita da haɓa.

"Ita za ta ɗora ƙafar 'yarki. Kwantar da hankalinki, a shagona ta fara sanin ƙafa."