Kabari Uku, Kabari Biyar

A bencin tashar mota, wani tsohon tela ya ji malamin makarantar da ke gefensa yana yabon dokar da ta cire alamomin kaburbura.

"Ta yi daidai," in ji malamin. "Attajiri da talaka duk ɗaya ne a ƙasa."

"'Yar bishiya kawai na dasa wa matata, malam. Me ta tsare muku?"

"Baba, in kowa ya bi son ransa, tsari ya lalace."

"To, tsari ya gyaru. Yanzu kabari uku nake yi wa addu'a, don ban san nata ba."

Malamin ya daɗe yana kallon takalmansa.

"Ni biyar nake zagayawa," ya ce a hankali. "Na ɗiyata ƙarami ne, amma ƙananan suna da yawa."