Muryar da Ban Ba Kowa Aro Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, Alhaji Yakuba. Mai unguwar Talladjé da ya ba mu wannan fili. Dattawan ƙungiyar masu gidajen kallo na Yamai. Abokan sana'ata masu fassarar fim. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa. Jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka tuna da tsoho Illo, kuka ce in kalli sabon fim ɗin nan da muke kira "Masu Aron Fuska", in auna shi da fina-finai ukun farko na wannan labari, in faɗa muku ko ya cancanci a nuna shi ranar Salla. Na kalla. Wallahi da na san abin da ke ciki, da na ce ku aiki wani.

Na farko, gaskiya ɗaya ce: sabon ya fi kyau a ido. A tsofaffin, halittun nan da suka sauko daga wata duniya, kowa ya san mutane ne cikin rigar roba, a fim na biyu har ana hango takalmin ɗayansu. Mu tsorata, mu yi dariya, mu koma gida mu ci tuwo. Sabon kuwa ko ɗinki ɗaya ba ka gani.

Na biyu, tsofaffin sun fi haƙuri. Kumanda, jarumin fim ɗin, yakan tsaya ya dubi matarsa, yana shakkar ko ita ce ko an ari fuskarta, kai ma zuciyarka na dukan uku-uku. Sabon, gudu da harbi, harbi da gudu. Amma ba wannan ya hana ni cin abinci ba.

Na uku shi ne ya hana ni cin abinci. Shekara goma sha tara ni ne bakin Kumanda a Hausa. Kun san al'adarmu: mai fassara yakan jefa gaisuwa ana tsakiyar yaƙi, don mutanen unguwa su ji daɗi. Ni kullum nakan ce, "A gaida Mumuni mai gyaran rediyo na unguwar Maourey!" To, sabon ya zo da fassararsa a haɗe. An ce na'ura ce ta saurari tsofaffin kasetunmu ta koya. Jama'a, muryata ce! Har ɗan tarin da nake yi kafin in buɗe baki. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya yi mini sallama. Kuma ana tsakiyar yaƙi na ji kaina ina gaida Mumuni, wanda yau shekara shida ke nan da muka kai shi makwancinsa.

Matarsa Safiya ta ji wannan wurin a wayar maƙwabciyarta. Ta zo har ƙofar gidana, ta ce, "Malam Illo, kai da ka ɗauki makararsa, kai ne kake kiran sunansa ana dariya?" Na rantse mata ban faɗa ba. Ta ce, "To kunnena ne ya yi ƙarya?" 

Ina jin tsoro, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Yau gaisuwa ce. Gobe idan zagi ne fa? Idan saɓo ne fa? Magana zarar bunu ce, to yaya ke nan idan wani ne ke zaro ta daga bakinka? Ina tsoron ranar da ni ma zan kwanta inda Mumuni yake, muryata tana yawo a gari tana faɗin abin da ta ga dama, ƴaƴana suna ji, ba ni da bakin musu.

Hukuncina, ranka ya daɗe: a nuna ukun farko, kada a nuna wannan. In kun ƙi, ba ni da ƙarfin hana ku. Roƙona ɗaya, ku zama shaiduna, duniya da lahira: daga yau, duk maganar da kuka ji da muryata ba ku ga leɓena yana motsi ba, ba ni ba ne.

Allah ya jiƙan Mumuni, ya sanyaya zuciyar iyalinsa. Allah ya tsare mana harsunanmu, muna raye da bayan ranmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.