Wuyan Rigar Sakichi

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma magajin garinmu na Kurahama, shugaban makarantarmu da malamansa, baƙinmu da suka ratso teku daga Italiya, dattawa, iyaye mata, da ku 'yan makaranta da kuke ta leƙe daga baya, ina yi muku barka da zuwa, barka da wannan rana.

Godiya ta farko ga iyalan marigayi Malam Anselmo Brigati, waɗanda suka ciro wannan zanen hoto daga bangon gidansu suka ce a mayar da shi garin da aka yi shi. Godiya ta biyu ga masuntanmu da suka ɗauko akwatin daga tashar jirgi kamar masu ɗauke da ƙwai.

Abu na farko, wane ne Malam Brigati? Bature ne da aka kawo makarantar nan a zamanin kakanninmu don ya koya wa yara zane irin na ƙasarsu: yadda ake sa inuwa, yadda ake sa nesa ta zama nesa a kan takarda. A zanen da ke bayan wannan ƙyalle akwai shi tsaye, da ɗalibansa zaune a gabansa, da taga buɗe a bayansu. Ajinmu ne, jama'a, ajinmu na nan bayan ofis!

Abu na biyu, rigimar da ta tashi. Ko yaron goye a garin nan ya san mai rai yana ɗora gefen hagu na rigarsa a kan dama, gawa kaɗai ake ɗora wa dama a kan hagu. To, da muka buɗe akwatin, sai ga yaro ɗaya a tsakiyar aji, Sakichi Hagiwara, da wuyan rigarsa irin na gawa. Malam Kuwabara na kwamitin shirya wannan taro, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya ce, "Kai! Wannan Bature ya zo koyar da mu, ɗaura riga ma ta gagare shi? A kira mai fenti ya juya wuyan nan, in ba haka ba wa zai bar ɗansa ya zauna ƙarƙashinsa?" Kowa ya ce haka ne. Aka sa ranar gyara.

Amma akwai wadda ba a tambaya ba, Kaka Ine, ƙanwar Sakichi, ga ta nan a sahun gaba. Tana ƙarama yayanta ya rasu da zazzaɓi. Ba ta taɓa ganin zanen ba, domin Malam Brigati ya tafi da shi. Abin da ta taso tana ji a bakin mutane shi ne, Bature ya zana shi a rigar matattu, shi ya jawo masa ajali. Da wannan ta girma, da wannan ta tsufa. In aka ambaci sunan mutumin sai ta tofar da yawu. Da na je gayyatarta, ta ce mini, "Ɗan nan, ka zo ne in je in gai da wanda ya kashe mini yaya? Tashi ka ba ni wuri." Washegari sai ga ta da sandarta. Ta ce ba zane ta zo gani ba, fuskar yayanta ta zo gani, don ta fara ɓace mata.

Abu na uku, kuma shi ne ya tara mu. Ta daɗe tsaye tana kallo. Sai na ga ta bar fuskar, ta koma kan tagar. Ta ce, "Me ake yi a gonar can?" Na ce, "Girbin shinkafa ne, Kaka." Ta ce, "Girbi? Ai lokacin dashe muka binne shi. Ƙafar babanmu da taɓo ya shigo gida."

Ku duba da kyau in an yaye ƙyallen, jama'a! Sauran yaran duk rigunansu daidai. Shi kansa malamin, rigarmu ce a jikinsa, kuma daidai. Mutumin nan bai yi kuskure ba, bai kuma yi mugun baki ba. Bayan rasuwar ya yi zanen. Ya ƙi barin gurbin yaron wayam, ya zana shi daga abin da ya riƙe a zuciya, ya zaunar da shi a tsakiyar 'yan'uwansa, sannan ya ɗaura masa riga yadda mu muke ɗaura wa namu. Ya zo ya koya mana inuwa, mu muka koya masa makoki. Ya zo yana malami, ya koma yana ɗalibi. Kuma saura kaɗan mu shafe darasin da fenti!

Malam Kuwabara ya matsa a hankali ya ce, "To Kaka, maganar gyaran fa?" Ta ɗaga sanda ta ce, "Ka taɓa ka gani! Ku bar masa rigarsa."

Kun san kowace safiya takan ajiye wa Sakichi ƙwaryar shinkafa da turare a gida. Jikarta ta gaya mini, tun ranar nan ƙwarya biyu take ajiyewa.

Allah Ya jiƙan ɗalibin, Ya jiƙan malamin. Allah Ya mayar da baƙinmu gida lafiya, Ya ba yaranmu idon da ke dubawa kafin ya yanke hukunci, Ya ƙara wa Kaka Ine kwana. Kaka, taso, ga igiyar. Hannunki ne ya kamata ya yaye ƙyallen nan.

Na gode.