Rijiya Ba Guga

A tashar motar Dogon Dutsi, Gambo mutumin Dumega na jiran motar garinsu ta cika, sai wani baƙo mai jar dara ya zauna kusa da shi.

"Baba, an ce Sama'ila mai horar da 'yan kokowarku zai koma Tibiri."

Gambo ya zabura. "Ƙarya suke! Tun da munka samu mulkin kai, kaka ukku, ba a kada samarinmu ba. Mi zai nema can?"

"Doki sunka yi mai alkawari. Da ni ne shi, da na tahi."

"Su ba shi raƙumi! Sama'ila ba ya shiga hili sai da gangar Manu makaɗi. Da kiɗin yake hwaɗa ma ɗan kokowa ya kama ƙafa ko ya ja baya. Wanda ya ɗauke shi shi kaɗai, ya sayi rijiya ba guga!"

"Ikon Allah! Shi Manun, yana da doki?"

"Ina! Ko jaki bai da."

Baƙon ya miƙe ya ƙwala wa direba kira, "Riƙe mini wuri, Dumega za ni!"

Gambo ya juyo ya dube shi. "Malam, kai mutumin ina ne?"

"Tibiri, baba. Ashe doki biyu za mu nema."