Hayaƙin Tsohon Kamfani

A tashar motar Dar Salam, wata budurwa mai tallar farantan sola ta miƙa wa dattijo Shitu takarda. Yana ganin tambarin kamfanin ya ɓata rai.

"Baba, kamfaninmu ya daina ƙona kwal, yanzu wutar rana muke sayarwa."

"Na san shi, 'yata. Shekara ashirin ina zuba masa kwal a tanderu."

"Mashallah! Ai an ce duk an ba ku sabon aiki."

"Haka aka gaya muku? Ranar da aka rufe tanderun aka sallame mu, wai ba mu iya kwamfuta ba."

Ta sunkuyar da kai. "To, ko ba komai hayaƙin ya tafi."

Shitu ya daɗe yana tari, dafe da ƙirji.

"Bai tafi ba, 'yata. Da shi nake kwana."