Bidiyo na Bakwai

Tashar Laranto, ana jiran motar Vom ta cika. Wata mata tana kallon waya, wani dattijo mai jakar takardu yana zaune kusa da ita.

"Madam, fim ne?"

"Karatu ne, Baba. Kwas ɗin kiwon shanu nake yi. Darasi a waya, jarrabawa a Vom, yau ƙarfe biyu. In na faɗi, sai baɗi."

"Malaminku yana ƙoƙari ke nan."

"Wane ƙoƙari? Bidiyon wata makaranta yake turo mana. Wani Bature ne ke tatsar nono da inji. Ni shanuna biyu, injina kuwa hannuna. Ko fuskar malamin ba mu taɓa gani ba."

"Ai yanzu haka ake yi, makarantu na raba kayan koyarwa. Mutum ɗaya, ɗalibai ɗari uku, yaya zai yi?"

"Ai sai ya kalla kafin ya turo. Na bakwai duk a kan tumaki ne."

"Tumaki?"

"Minti arba'in ana yi musu aski."

"Amma sunansa 'Kula da Garke'."

"Baba, yaya aka yi ka san sunansa?"

Dattijon ya buɗe jaka, ya daɗe yana duba wata takarda, sannan ya ciro biro.

"Tambaya ta uku a jarrabawar yau daga cikinsa na... aka ɗauko. Wanne kika fi ganewa?"

"Na huɗu, ranka ya daɗe. Akwai saniya a ciki."

"Me aka ce a kanta?"

"Matso, Malam, in koya maka. Amma kunna datarka."